Yaron da karatu ya ƙi zama a kansa a Legas: a sauya masa makaranta, a mai da shi gida, ko a bar shi a ajinsa?

Duk ƙarshen zango na uku, idan aka raba takardar sakamako, akwai gidajen Hausawa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da ake kwana ana shawara ɗaya. Yaro yana aji uku ko huɗu na firamare. Wayo kam ba a magana: a aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai, Yarbanci da Burokin duk suna bakinsa, wayar babansa ma shi ke gyara mata saiti. Amma da an buɗe masa littafi sai ya yi tsuru-tsuru, kalmar da ya karanta a layin sama ya zo ya kasa gane ta a layin ƙasa. Kawu ya ce a mai da shi Arewa, Ikko ce ta lalata shi. Maƙwabciya ta ce ai gwamnati na da wurin da take tara irin waɗannan yara. Uwa kuma ta ce a ƙara haƙuri, a nemo mai lesin. Kowace shawara da hujjarta, kuma kowace akwai yaron da za ta cutar.

Kafin a auna su sai an san abin da ke damun yaron, domin abubuwa uku muke haɗawa mu kira su daƙiƙanci. Akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ke da rauni gaba ɗaya: ya makara wajen tafiya da magana, sa riga da wanka da fahimtar aike duk sai an taimaka masa. Akwai wanda lafiyarsa ƙalau a komai sai a fanni ɗaya, ko karatu, wato disleksiya, ko rubutu, wato disgirafiya, ko lissafi, wato diskalkuliya. Wannan rukunin ne ake nufi da matsalar koyo ta keɓance, kuma littafin tantance cututtuka da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na yaran makaranta suna ciki. A ajin da ke da yara 60, mutum uku zuwa tara ke nan. Ba sabon abu ba ne kuma. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 da malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu, da shi ne zai fi kowa a makarantar.

Rukuni na uku su ne waɗanda ba ko ɗaya ke damun su ba. Yaro ba ya ganin allo daga bencin baya. Kunnensa ya daɗe yana ruwa, rabin abin da malama ke faɗa ba ya isa gare shi. Mai sikila ne, yana yawan fashin makaranta, kuma cutar kan taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Ko ƙarancin jini, ko farfaɗiya mai ɗauke hankali na ɗan lokaci. Saboda haka awon ido da na kunne su ne farko, kuma sun fi komai araha a cikin duk abin da za a ambata a nan. Mutanen Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH nan a ƙofar gida, na Agege kuma asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ba nisa.

Sai babbar matsalar da ta shafe mu musamman, wato harshe. Ɗan Bahaushe a Legas yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Burokin a layi, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji, kuma tun dokar jihar ta 2018 Yarbanci darasi ne na dole a makarantu. Turancin nan kuwa rubutunsa ba ya bin furucinsa. Harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu, shi ya sa ko 'ya'yan Ingila suna daɗewa kafin su iya karanta harshensu fiye da 'ya'yan Italiya ko Finland. To yaron da aka sa ya karanta kalmar da bai taɓa jin ma'anarta ba, da rubutun da ba ya bin ƙa'ida, idan ya yi tuntuɓe ba lallai disleksiya ba ce.

Akwai gwajin da uwa za ta iya yi a tsakar gida, ba da littafi ba. Asalin disleksiya ba a ido take ba, a wajen rarrabe sautukan magana take. Ki ce masa: faɗi "kaza". Yanzu cire "ka", me ya rage? Faɗi "gida" ba tare da "gi" ba. Wace kalma ce ta fara da sauti irin na "masara": mota ko tasa? Ɗan shekara bakwai da ba shi da matsala zai mai da abin wasa, har ya fara kawo nasa. Mai disleksiya zai yi shiru, ko ya ce "tsuntsu" don ya kama ma'ana ya saki sauti. Sannan a je a tambayi malamin Islamiyya, wanda galibi ya riga kowa lura. Idan ya ce yaron akwai hadda, da an biya masa sau biyu ya riƙe, amma ya maƙale a babbaƙu da farfaru, idan aka nuna masa aya a tsakiyar shafi ba ya iya tashinta sai an ja masa baki, to matsalar ta bi shi har cikin wani rubutun daban da wani malamin daban. Wannan ya fi juya b da d ƙarfin shaida, don juya harafi abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai su bari. A kuma duba dangi: abin yana bin jini, sau da yawa za a tarar akwai baffa ko kawu da aka ce boko ta ƙi shi.

Haka lissafi. Yaron da ke zama a shagon babansa a Mile 12 yana ba da canjin dubu ɗaya ba tare da kuskure ba, amma yana cin sifili a jarrabawar lissafi, da wuya a ce diskalkuliya ce. Tambayar ce ba ya iya karantawa. Mai diskalkuliya shi ne ɗan shekara goma da har yanzu sai ya ƙirga yatsu kafin ya haɗa biyar da uku, agogo ya gagare shi, a shago ma ana cutarsa.

Yanzu ga zaɓin. Mu fara da na maƙwabciya, don shi ne ake yawan yi wa bahaguwar fahimta. Gaskiya ne gwamnatin Legas ta yi gaba da jihohi da yawa a wannan fanni. Tun farkon shekarun 2000 ta fara buɗe sassa na musamman a cikin makarantunta na firamare, abin da ma'aikata ke kira inkulusib yunit, yanzu sun haura 40 idan aka haɗa da na sakandare. Ta yi dokar masu buƙata ta musamman a 2011, wadda ta haifar da LASODA, ofishin kula da harkokin nakasassu na jihar, ta kuma fitar da manufar karatun haɗaka a 2015. Ga kuma tsofaffin makarantu irin Pacelli ta makafi, da Wesley ta kurame, da Atunda-Olu, duk a Surulere, da Modupe Cole a Akoka. Karatun kyauta ne, malaman kuma da yawansu sun yi horo a kan wannan aiki, irin wanda kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo take bayarwa.

Amma je ka leƙa ajin kafin ka yanke hukunci. Mafi yawan yaran da ke ciki kurame ne, da masu raunin ƙwaƙwalwa, da masu galahanga, da masu cutar Down. Darasin ya karkata ga maganar hannu, da koyon kula da kai, da ƙirga, da sana'ar hannu. Ga ɗan rukuni na farko wannan wuri rahama ne, kuma iyayen da ke ɓoye irin wannan yaro a ɗaki saboda kunya suna tauye masa haƙƙi, har doka ma ta hana: dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa mai nakasa bambanci, ta kuma ba shi haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Ga mai disleksiya kuwa, wanda tunaninsa daidai yake da na sa'o'insa ko ma ya fi, sa shi a wannan aji mai da shi baya ne. Zai rasa kimiyya da tarihi da hirar abokan da ke ja masa hankali, kuma abin da ya kai shi, wato koyon haɗa sauti da harafi, ba lallai ya sami wanda zai zauna da shi a kai kullum ba, don malamin yana da yaran da buƙatarsu ta fi tasa gaggawa. Ga kuma hanya. Sassan ba a kowace unguwa suke ba, kuma wanda ya san cunkoson safiya tsakanin Agege da Oshodi ya san abin da ɗaukar yaro a danfo kullum yake nufi, a aljihu da a jiki.

Akwai makarantu masu zaman kansu da ke wannan aiki da kyau, da ƙananan azuzuwa da ƙwararru, galibi wajejen Ikeja da Lekki da Ikoyi. Kuɗinsu ba na mai tireda ko ɗan kwata a Oko-Oba ba ne, ba sai an ja maganar ba. Wanda Allah ya hore wa, ya tambaye su kai tsaye: wa zai koya wa yarona karatu shi kaɗai, sau nawa a mako, da wace hanya? Idan amsar ta tsaya a yawon nuna maka ɗakin wasa da kwamfutoci, riƙe kuɗinka.

Zaɓin kawu, mai da shi gida, ba shirme ba ne gaba ɗaya, kuma ba na son a yi masa kallon raini. Idan harshe ne ya ɗaure yaro, makarantar da malami zai yi masa bayani da Hausa za ta iya warware shi cikin shekara. Rubutun Hausa na boko kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa, ba-be-bi-bo-bu, don haka ya fi Turanci sauƙin kamawa ko ga mai disleksiya. A Kano ma Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. To amma mu faɗa wa juna gaskiya: idan aka ce a mai da yaro gida, sau nawa ake nufin a nema masa makarantar da ta fi? Galibi nufin shi ne an sallama bokon, a aje shi wajen kaka, ko a miƙa shi ga malamin allo, ko a kai shi garejin wani. Disleksiya kuwa ba ta tsaya a Berger, mafitar Legas, ta yi masa sallama, tare za su hau mota. A tsangaya zai sake cin karo da harafi, wannan karon da dorina a kusa kuma ba uwa. Shi kuma yaron abin da zai fahimta shi ne an kore shi daga gida saboda ya kasa, alhali ƙannensa suna nan. Sana'a ba abin kunya ba ce, da yawa cikin irin waɗannan yara hannunsu na da albarka ƙwarai. Sai dai sana'ar yau ma tana neman karatu: alat na banki, rasit, saƙon kwastoma a WhatsApp, takardar haya. Wanda bai iya karanta su ba, kullum dukiyarsa a hannun wani take. Kuma amfanin da ake hange a Hausar, ana iya samunsa a nan Legas ba tare da an raba yaro da iyayensa ba.

Wannan ya kawo mu zaɓin uwa, wanda ni a ganina shi ne daidai ga yawancin masu matsalar koyo ta keɓance, amma ba yadda aka saba yin sa ba. Lesin ɗin da muka sani shi ne a tara yara goma a baranda bayan la'asar, a sake rubuta musu abin da aka yi da safe su kwafa. Yaron da hanyar safe ba ta yi masa aiki ba, maimaita ta da yamma gajiya kawai za ta ƙara masa, ga Islamiyya na jira. Iyaye su yi shekara biyu suna biya, a ƙarshe su ce an yi iya yi.

Abin da bincike ya daɗe da tabbatarwa yana aiki shi ne koyar da sauti da harafi dalla-dalla, bisa tsari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba a tsallake mataki sai an tabbatar ya zauna. Ana haɗa ido da kunne da hannu: yaro ya faɗi sautin, ya zana harafin da yatsa a faranti mai yashi ko garin rogo, ya jera murafun kwalba da aka rubuta wa haruffa ya haɗa "ta" da "sa", a sauya masa murfi ɗaya ya ga ta koma "kasa". Tsarin Orton-Gillingham da aka gina a Amurka tun shekarun 1930 a kan wannan yake, kuma malaman firamare da yawa a Najeriya sun sami horon Jolly Phonics, wani tsarin koyar da sauti da harafi, wanda ko shi kaɗai ya fi kwafe allo nesa ba kusa ba. Minti talatin zuwa arba'in, kwana huɗu ko biyar a mako, shi kaɗai ko su biyu zuwa uku, ya fi awa uku ranar Asabar. Idan aka sami mai koyarwa Bahaushe, ko ɗalibar kwalejin ilimi a unguwa, ko yayarsa mai haƙuri, a fara da Hausa na 'yan watanni. Ranar da yaron da aka saba kira dolo ya karanta "Baba ya tafi kasuwa" da kansa, ya gane cewa harafi sauti yake ɗauke da shi, wannan ganewar da ita zai shiga Turanci.

Wajen zaɓen mai koyarwar, kada a tsaya ga takardar shaida. A zauna a ga darasi ɗaya. Idan ya fara da gwada yaron don ya san inda ya tsaya, alama ce mai kyau. Idan ya ɗauko littafin aji huɗu don yaron ɗan aji huɗu ne, ko ya shigo da bulala, a sallame shi da mutunci.

Rabin aikin kuma yana cikin ajin safe, kuma nan ne iyayenmu maza suka fi sakaci, sai a bar uwa ita kaɗai da zuwa makaranta, ko ma ba mai zuwa. Abin da za a roƙi malama ba ya cin ko kwabo. Ta zaunar da shi a gaba. Kada ta tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. Idan dole ne, ta ba shi layi biyun tun jiya ya yi bita. Ta rage masa kwafen allo, wanda shi ne azabar irin waɗannan yara a makarantun Legas, domin kafin ya gama layi uku an goge. A bar shi ya ɗauki hoton littafin abokinsa, ko a kwafa masa. A jarrabawar kimiyya ko zamantakewa a karanta masa tambaya, a karɓi amsa da baki idan ya yiwu, a ƙara masa lokaci, kada a cinye masa maki saboda kuskuren harafi a darasin da ba na rubutu ba. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma a daina duka a kan abin da ba ganganci ba ne, a gida da makaranta. Dukan ba ya koyar da harafi, abin da yake koyarwa shi ne ciwon ciki kowace safiyar Litinin, daga nan sai guduwa daga makaranta, daga nan sai tasha.

A nan akwai ƙaramin zaɓi a cikin babban: ta gwamnati ko ta kuɗi ta unguwa? Ƙidayar da aka yi a 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000 a Legas, ɗauke da fiye da rabin ɗaliban jihar, kuma mafi yawansu ba su da amincewar gwamnati. Ta gwamnati tana da malamai masu horo, amma aji cike yake, kuma da gwamnatin jihar ta kawo shirin koyarwa na EKOEXCEL a 2019 darasi ya koma tafiya ne bisa jadawalin da ke cikin na'urar hannun malama, wanda ba ya jiran wanda aka bari a baya. Ta unguwa ajinta ƙarami ne, mai makarantar kuma zai saurare ka tunda kai ke biya, sai dai malamar na iya zama wadda ta gama sakandare bara, kuma wasunsu suna rubuta wa yaro maki mai kyau don kada a cire shi. Ni ba zan cire yaro daga ɗaya zuwa ɗaya saboda suna ko yunifom ba. Inda aka sami malama ɗaya da ta yarda ta yi waɗancan abubuwa, nan ne makarantarsa. Maimaita aji ma haka: idan za a maimaita da hanyar bara, an ƙara masa shekara da kunya ne kawai.

Ba a rasa masu tallar magani. Disleksiya ba ta da ƙwaya ko allura, kuma ba tonik ko tabarau mai launi da ke warkar da ita. Zuma da zabibi abinci ne masu kyau, addu'a kuwa ba mai hana ta, amma a haɗa da zaman minti talatin ɗin nan. Inda magani ke shigowa shi ne idan yaron yana da matsalar rashin natsuwa, wadda kan zo tare da disleksiya a yara da dama: ba ya iya zama, ba ya gama abin da ya fara, a gida da makaranta da Islamiyya duka. Wannan likita ne kaɗai zai tantance, ba mai kemis ba.

To yaushe za a bar zaɓin uwa a koma wani? A ba shi zango biyu cur ana koyarwar da aka bayyana, don su ma masana ba sa tabbatar da matsalar sai ta wuce wata shida duk da taimakon da aka bayar. A aje littafi guda ana rubuta sautukan da ya iya da kalmomin da yake karantawa a minti ɗaya, kowane ƙarshen wata. Idan lambar tana hawa, ko a hankali ne, a ci gaba. Mai disleksiya yakan daɗe yana karatu a sannu, rubutunsa ma yakan riƙe kurakurai har girma, amma yana isa jami'a. Idan ba ta motsa ba sam, ko aka lura raunin ya wuce littafi ya shafi magana da fahimtar aike da kula da kai, sai a nemi cikakken gwaji. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi, kuma zuwa can ba ya nufin an ce ɗanka mahaukaci ne, ko da 'yan unguwa za su faɗa. A tafi da littattafan aikinsa, da takardun sakamako na shekara biyu, da sakamakon awon ido da kunne, a kuma gaya musu tun farko cewa Hausa ce harshensa na gida, don kada a auna shi da Turanci zalla a rubuta masa raunin da ba shi da shi. Idan rahoton ya nuna raunin ƙwaƙwalwa ne, da shi za a je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a nemi sashe na musamman mafi kusa da gida. Idan ya nuna disleksiya ce, a yi kwafi biyu, ɗaya ga hedimasta, ɗaya a adana, domin za a buƙace shi lokacin neman sassauci a jarrabawar fita.